Yadda Za Ki Dawo Daga Tsibiri Da Tsarabar Batha

Ke da ɗanki ya yi kuɗi, matso kusa. Tun da fetur ya yi daraja, yaran nan namu masu aikin kwangila a Riyad sun rasa inda za su kai riyal. An sayi mota, an sa na'urar sanyi a ɗaki har tsohuwa na neman bargo da rani, yanzu kuma sabon yayi ya shigo: a ɗauki uwa a kai ta teku ta sha iska. In naki bai zo miki da maganar ba, yana hanya. To na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan daki-daki, za ki je tsibirin, ki ƙi shi har cikin ranki, ki dawo, kuma duk matan unguwarmu ta Al-Oud su rantse ba a taɓa tafiya mai albarka irin taki ba. An gwada, ya yi aiki. A kan maƙwabciyata aka gwada, wadda na yi wa alkawarin ba zan ambaci sunanta ba, wato Tabawa.

Bari in ba ki tushen zancen don ki san ba wasa ba ne. Ɗanta na fari, Basiru, injiniya ne a wajen masu shimfiɗa titi can Birnin Masana'antu na Biyu da ake ginawa. Yana neman Salamatu, nas ce, yarinya mai hankali, kuma suna son juna. Uwar yarinyar, Hajiya Huseina, ita ce ta ƙi cewa e, ta ƙi cewa a'a. An gaya mata wai gidan su Tabawa akwai rowa, ita kuwa ta ce ba za ta kai 'yarta inda ake auna mai da cokali ba. Da ta ji zancen tafiyar nan sai ta ce shi ke nan, za ta zo sannu da zuwa ta ga tsaraba da idonta. Kin ga kenan auren Basiru yana cikin akwatin uwarsa.

1. Kada ki tambayi wajen wa za ku

Mu da muka taso, in mutum ya ɗaura kaya, to ko hajji, ko fatauci, ko biki, ko gaisuwar mutuwa. Wannan ba ko ɗaya ba ce. Jirgin sama zai kai ku Mombasa, a can ku shiga wani ƙaton jirgin ruwa mai hawa-hawa, cike da tsofaffin Turawa. Zai yi ta zagaye da ku a kan ruwa, ya tsaya a wannan tsibiri, ya tsaya a wancan, sannan ya dawo da ku daidai inda ya ɗauke ku. Ba a kai kowa ko'ina. Kuma biya ake yi.

Tabawa ta tambayi ɗanta wa suke da shi a can. Ya ce ba kowa. Ta ce to wa ya rasu. Ya ce ba wanda ya rasu, hutawa za ta yi. Ta zo ta same ni ina tankaɗe, ta ce, "Yaya Dije, yaron nan ko rana ce ta taɓa shi a wajen aiki?"

Ki lura, ɗan fari ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, balle ta buɗe baki ta ce masa ba ta so. Ke ma haka za ki yi. Ki ce Allah ya yi albarka, ki ɗaura kaya. Ki sa yaji, ki sa ƙuli-ƙuli, ki sa buta. Daddawa kam ki bar ta a gida. Tagar ɗakin jirgi ba ta buɗuwa, kuma Baturiyar da ke ɗakin kusa da na Tabawa har likita ta kira.

2. A cikin jirgi, ki riƙe cikinki

Ƙasa ba za ta tsaya miki ba, alƙibla ma haka. Kin kabbara kina fuskantar Makka, kafin ki kai raka'a ta biyu matuƙi ya juya ki kina kallon Indiya. Ki yi niyya, ki bar wa Allah sauran. Abinci kuwa, duk abin da aka ajiye miki ki ɗauka alade ya gifta ta kusa da shi. Shayi da burodi ba su taɓa cin amanar kowa ba.

Abu ɗaya ne mai amfani a jirgin. Kullum safiya ma'aikaci zai ajiye miki ɗan sabulu mai ƙamshi, naɗe cikin takarda mai hoton jirgi. Kada ki yi wanka da shi. Ki jefa a jaka, gobe a kawo wani. In ya fara yi miki kallon mamaki, ki yi masa kallon uwarsa.

3. In kun sauka, kada ki nemi zango

Ranar da za a isa babban tsibirin, za ki ga Turawa sun tashi tun asuba kamar ranar Arfa, kowa da abin ɗaukar hoto a wuya, an cika bakin jirgi ana nuna dutse da yatsa. Gaskiya wajen kore ne shar. Sai dai jirgin ba ya iya matsawa gaɓa, sai an sauke ki cikin kwale-kwale, maza biyu suna riƙe da hannuwanki, maza da ba muharramanki ba, kina karanto duk addu'ar da kika sani har da ta shiga kasuwa.

A tashar an tanadi masu kiɗa, da 'yan mata da ba su gama sa kaya ba, suna rataya wa kowa furanni a wuya. Turawa na ta murna. Tabawa ta cire nata ta mayar wa yarinyar, ta ƙara mata da nasihar da yarinyar ba ta ji ko kalma ɗaya ba.

Sannan ta yi abin da kowace Bahaushiya mai tarbiyya za ta yi in ta sauka baƙon gari. Ta ce wa Basiru ya tambaya ina zango, a je a gai da Sarkin Hausawa. Ya ce Hajiya babu. Ta ce ya dai tambaya. Ya tambayi wani ma'aikacin tasha da Turanci, mutumin ya kira wani, wancan ya kira wani, aka taru ana shawara, daga ƙarshe suka nuna musu gidan ajiye kayan tarihi.

Ta ce, "Gari guda, ba Bahaushe ko ɗaya? Ko mai yankan farce?"

To ke kada ki wahalar da kanki. Babu. Ki shiga motar da aka tanada ki zauna. Za ta hau dutse da ku, ta sauka, ta kai ku wajen da duk jirgin ke ɗokin gani, wanda saboda shi aka ƙetare teku. In kin leƙa za ki ga rairayi ne.

Rairayi, 'yar uwa. An ɗauko mace daga Riyad, inda kullum take share shi daga ɗaki, take tsince shi daga shinkafa, an kai ta ganin rairayi. Da rana. Turawa suka tuɓe, suka shafa mai kamar za a soya su, suka kwanta a cikinta da gangan. Wani tsoho har ya yi ja kamar tattasai, yana cewa bai taɓa jin daɗi irin na yau ba. Su fa a wajensu wurin ya kai. Ruwa garai-garai, kwakwa a fasa maka nan take, ga wani kunkuru kamar an kifa turmi, suna layi suna ɗaukar hoto da shi kamar hakimi. Kada ki yi musu da su. Mutumin da ya shekara bai ga rana ba, in ya gan ta dole ya rikice.

Ke dai ki nemi inuwa, ki ja abayarki, ki ba teku baya. Tabawa da ta yi haka, matan Turawa suka ga mace zaune ba ta motsi, sai suka riƙa ajiye jakunkunansu a gabanta suna tafiya wanka. Haka ta wuni gadin kayan mutane.

Zan faɗi gaskiya guda, don ba na son a ce na yi wa tsibiri ƙazafi. Can da la'asar hadari ya haɗo, aka sako ruwa irin na damina sosai. Turawa suka watse da gudu. Tabawa ta ce ita kaɗai ta zauna, ta bar shi ya jiƙa ta, don ƙamshin ƙasar ya kai ta Ɗambatta, gidan ubanta, lokacin da gero ya fara kai gwiwa. Shekarunta nawa a garin nan ba ta ji wannan ƙamshin ba. Tana cikin haka jirgi ya busa ƙaho, aka kwashe su kamar awaki. Ba wanda ya yi mata sannu da zuwa, ba wanda ya kawo mata ruwa a kwano, ba wanda ya taka mata da za ta tafi.

4. Ki duba kayan tasha, ki yi istigfari, ki wuce

Nan ne gizon yake. A bakin tasha za ki tarar da rumfuna, ki ce alhamdulillahi ga kasuwa. Matsa ki gani. Malfar kaba wadda ko makiyayi ba zai sa ba. Ɓawon kwakwa da aka yi wa ido da baki. Gumakan katako tsirara, waɗanda in kika shigo da su Riyad sai dai a ji labarinki. Kirfa, wadda a kasuwar Batha ta nan Riyad buhu-buhu take. Ba atamfa, ba turare, ba ko kwanon sha. Kuma ba a ciniki. In kika taya, sai a yi miki murmushi kamar marar lafiya. Turawa kuwa saye suke kamar gobe za a tashi duniya.

Basiru, bawan Allah, ya ga uwarsa ta tsaya jugum, sai ya ɗauka sha'awa ce. Ya ruga ya sayo mata kwando guda cike da wuri da katantanwa, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, "Hajiya, ga tsarabar mutanen gida. Sauran kuma hotuna ne, su ne tsarabar zamani."

Wuri. Ki tsaya ki yi tunani. Kina neman 'yar mutane, kin ƙetare teku, kin dawo kin miƙa wa uwar yarinya wuri. Kafin a kira magariba duk Al-Oud ta ji cewa wajen boka kika je, kuma a garin nan da ko laya aka gani a wuyan jariri sai an yi tambaya. Amma ɗan fari ne. Ta karɓa, ta ce madalla. Ke ma ki ce madalla. In kin iso gida ki tura kwandon ƙarƙashin gado, can ƙurya.

5. Ki dawo, amma kada ki dawo

Da kin sauka, ki aika a gaya wa unguwa cewa jiri bai sake ki ba, har yanzu ƙasa na lilo da ke, likita ya ce kada ki ga mutane sai Juma'a. Ba wadda za ta yi musu, don ba wadda ta taɓa shiga teku.

Sai ki nemi aminiya mai riƙe sirri, irina, ku rufe fuska ruf, ku tari taksi zuwa Batha. Wannan ita ce ni'imar garin nan: mace in ta rufe fuska ko mijinta sai ya yi mata sallama. Amma ki kiyayi abu biyu. Tafiyarki, da bakinki. Matan Hausawa masu kasa goro da kuka a bakin titi sun san takun kowa. Ki canza takalmi, ki ɗan ɗingisa. Ciniki kuwa da yatsu za ki yi, ko da Larabcin kasuwa, kam haza, ghali, wato nawa ne, ya yi tsada, shi ke nan.

Tabawa ta yi ƙoƙari har muka kai shagon wani Bayamane mai yadi. Da ya faɗi kuɗin wani mai furanni, sai bakinta ya kubce, ta ce "Haba!" da ƙarfi. Wata mai goro ta waiwayo tana ƙare mana kallo. Na ce mata 'yar Sudan ce, zama da mu ne ya ɓata ta.

Abin da za ki saya: duk yadin da ke da furanni manya, ko kifi, ko tsuntsu. Farantai masu hoton bishiya, ko ta dabino ce ba komai, ki ce kwakwa ce tana ƙarama. Fulas, turare, 'yan kunne masu ƙyalli. Na uwar yarinya ki ware shi daban, ya fi na kowa nauyi.

6. Ki wanke wa kayan asalinsu

Ki kulle ƙofa. Duk takardar da ke da rubutun Larabci ki ɓamɓare. Wadda ta ce Japan ki bari, ko a Makka ma kayan Japan ne tsaraba. Ki warware yadin, ki sa sabulun jirgi a tsakiya, ki naɗe, ya kwana ya ɗauki ƙamshi. Kowane ƙulli ki ɗora masa sabulu ɗaya a sama, hoton jirgi na kallon mai karɓa. Shi ne shaidarki. Sannan ki barbaɗa ɗan rairayi a ƙasan akwati. Wannan kam ba sai kin saya ba, ki leƙa bayan ƙofa.

7. Ranar sannu da zuwa

Ki sallami ɗanki ya tafi majalisar maza. Ki zauna a tsakiyar ɗaki, ki ɗan rame da murya. Kada ki buɗe akwati da wuri, ki bari a sha shayi, idanu su gaji da satar kallo.

Da Tabawa ta buɗe nata, kowa ta miƙo wuya. Hajiya Huseina ta karɓi ƙullinta, ta auna a hannu, ta warware, ta shinshina. Ta murza yadin tsakanin yatsu, ta ce kamar ta taɓa ganin irinsa a Batha. Tabawa ko gezau. Ta ce ai na Batha kwaikwayo ne, daga can ake kawo musu samfur, ta shinshina na Batha ta ji ko yana ƙamshin teku. Hajiya ta sake shinshinawa, ta gyaɗa kai. Wata ta ga rairayi a gindin akwati, ta dangwala ta shafa wa ɗanta mai ƙurji.

In aka nemi hotuna, ki bayar, amma ki riga su magana. Za a gan ki a gindin bishiya fuska a murtuke, jakunkuna kewaye da ke. Ki ce rana ce ta kashe miki ido, jakunkunan kuma sayayyarki ce.

Sai yabo. Ki fara da gaskiya, ita ke riƙe sauran. Tabawa ta fara da ruwan saman nan, da ƙamshin ƙasa, da kore ko'ina, har muryarta ta yi rawa, tsofaffin ɗakin suka fara share ido, kowa ta tuna garinsu. Daga nan hanya ta buɗe. Ta ce mutanen wurin akwai karamci, da kiɗa suke tarar baƙo. Ta ce kasuwar ta fi Batha sau nawa, layin 'yan yadi kaɗai sai an huta a tsakiya.

Hajiya Huseina ta naɗe yadinta, ta ɗora a cinya, ta ce, "Hajiya, mutane da baki suke. Ki gaya wa Injiniya ya turo manyansa."

Aka yi guɗa. Kin ga aiki ya yi kyau.

8. Ki san inda za ki tsaya

Wannan matakin daga baya na ƙara shi, don Tabawa ba ta same shi ba. Da ta ji guɗa sai kanta ya yi zafi. Ta ce akwai layin 'yan zinariya. Ta ce akwai Sarkin Hausawa, mutumin Haɗeja, har fura matarsa ta dama mata. Ina taka mata ƙafa tana janyewa. Ta ce wallahi da za a ce ta koma gobe, da ko akwati ba za ta kwance ba.

Salamatu na wajen. Yarinya ta ji daɗi, ta kai wa Basiru labari cewa uwarsa har kuka ta yi don kewar tsibiri. Zancen kasuwa ba ta kai ba, ta ɗauka ya sani.

Washegari ya shigo gaisuwa, ina nan zaune. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Hajiya, ashe kin ji daɗi. Ni tun da muka dawo ban yi barcin kirki ba, na ɗauka wahalar da ke na yi."

Tabawa ta kalli bango. Ta ce, "Allah ya yi albarka."

Ya ce to ya riga ya yi magana da ofishin masu jirgin. Bayan biki za a koma, jirgi ɗaya, tsibiri ɗaya. Shi da amarya, da ita, da Hajiya Huseina, don surukai su saba.

Yanzu haka Hajiya Huseina ta sayi akwati biyu, babu komai a ciki, ta ce a can za ta cika su. Ta ce kayan ɗakin ƙanwar Salamatu duk a layin 'yan yadin nan za ta haɗa. Ta kuma tanadi goro ƙwarya guda na gaisuwar Sarkin Hausawa. Ba ta tambayi Basiru komai ba, suruki ne, akwai kunya. Tabawa take tambaya, kullum bayan la'asar.

Sanarwa

Ni Dije ta Al-Oud, mai wannan rubutu, ban san teku ba, teku bai san ni ba. Alkawarin da na yi shi ne za ki dawo da mutuncinki, kuma an dawo da shi, an ma sa ranar biki. Ban yi alkawarin komawa ba. Duk wadda ta bi matakan nan ta wuce na takwas da gudu, ita da Sarkin Hausawanta. Wadda kuma ta ɗauki takardar nan ta je ta karanta wa Hajiya Huseina kafin a ɗaura aure, ban yafe ba. Bayan an ɗaura, ki zo ki kira ni mu tafi tare. Tabawa kuwa ta daina turo min aike da asuba. Na gaya mata dabarar da ta rage guda ce: in sun sauka a tashar, ta dafe ƙirji, ta dubi rumfunan malfa, ta ce innalillahi, gobara aka yi.